Ƙafar Yaro da Shimfiɗar Takalmi

Ran nan bayan an tashi daga aji, wani ɗalibinmu, magidanci ne manomi, ya tsaya ya ce yana da magana.

Ya ce, "Malam, ɗana shekararsa uku. Da yana jinjiri ƙafarsa baka ce. Yanzu kuma ta juya, in yana gudu gwiwoyinsa suna gugar juna. Na je birni cin kasuwa, na ga wani mai kanti yana sayar da wata shimfiɗa ta roba wadda a ke sawa cikin takalmi. Ya ce in yaro ya taka ta wata shida ƙafarsa za ta miƙe sak. Kuɗinta da na takalmin sun kusa kuɗin akuya. Tsohuwata ta ce in sayar da akuyarmu in saya, wai icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ni kuwa na rasa abin yi."

Na ce masa, "Kada ka sayar da akuya tukuna. Bari mu fara sanin yadda ƙafar yaro ta ke girma, da abin da shimfiɗar nan ta ke iyawa, da abin da ya fi ƙarfinta."

Tambayar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Kusan kowane gida akwai yaron da iyayensa ke kallon ƙafarsa suna damuwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu karanta wannan magana tare.

YADDA ƘAFAR YARO TA KE GIRMA

Kun lura da jariri sabon haihuwa? In aka haɗa idon sawunsa biyu, gwiwoyinsa ba su haɗuwa. Akwai fili tsakaninsu, kamar bakan maharbi. Wannan ita a ke kira ƙafar baka. Ba ciwo ba ne. Zaman da ya yi a naɗe cikin cikin uwarsa shi ya sa haka. Goyo ba ya kawo ta, kada a ɗora wa uwa laifi.

Yaro yana fara tafiya da ƙafar nan tasa ta baka. Daga shekara ɗaya da rabi zuwa shekara biyu sai ta miƙe. Ba ta tsayawa nan kuwa. Sai ta zarce ta karkata ciki, gwiwoyi su haɗu, idon sawu ya rabu. Wannan shi ne gwame. Ya fi fitowa sosai tsakanin shekara uku da huɗu. Daga nan sai ya riƙa raguwa kaɗan kaɗan. Kafin yaro ya cika shekara bakwai ko takwas, ƙafarsa ta koma kamar ta manya.

Watau baka, sa'an nan miƙewa, sa'an nan gwame, sa'an nan miƙewa kuma. Hanyar da yawancin yara ke bi ke nan, ba tare da kowa ya taɓa su ba.

Ba zato ba ne wannan, aunawa aka yi. A shekarar 1975 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Finland, Salenius da Vankka, suka bayyana awon da suka yi wa ƙafafun yara masu yawa, suka nuna wannan hanya. A nan Nijeriya ma an auna. A shekarar 2004 masu bincike na Ile-Ife suka bayyana awon gwiwoyin yara fiye da 2,000. Su ma abin da suka samu ke nan: jarirai da baka, 'yan shekara uku da gwame.

Haka kuma tafin ƙafa. Duba sawun babban mutum a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Za ka ga dunduniya, ka ga yatsu, ka ga gefen waje, amma tsakiya ta wajen ciki ba ta taɓa ƙasa ba. Akwai kwarmi a wurin. To, duba sawun yaro mai tatata. Shi duk tafin ne ya kwanta a ƙasa. Dalili kuwa shi ne akwai kitse cike da kwarmin, jijiyoyinsa kuma da sauran laushi. Kwarmin yana fitowa ne a hankali cikin shekaru goma na farko. Waɗansu mutane ma har su tsufa tafinsu a shimfiɗe ya ke, suna noma, suna tafiyar ƙasa, ba abin da ya dame su.

Akwai kuma yaran da in suna tafiya yatsunsu na kallon juna. Wani daga tafin ƙafa abin ya ke, wani ƙashin ƙwaurinsa ne ya ɗan murɗa ciki, wani kuwa ƙashin cinya ne. Su kan yi tuntuɓe da yawa. Wannan ma yawanci ya kan gyaru don kansa kafin shekara takwas zuwa goma.

MECE CE SHIMFIƊAR TAKALMI?

Wani abu ne mai siffar tafin ƙafa, a kan yi shi da roba, ko soso, ko fata, a sa shi cikin takalmi, yaro ya taka. Iri iri ce. Akwai mai tudu a tsakiya, don ta cika kwarmin tafi. Akwai mai kauri a gefe ɗaya, siririya a ɗaya gefen, don ta karkata ƙafa. Akwai mai kama da ɗan ƙoƙo, wadda ke riƙe dunduniya. Akwai kuma mai kauri ko'ina, don ta ƙara wa ƙafa tsawo. Waɗansu a kanti a ke sayensu. Waɗansu kuwa sai an auna ƙafar yaro a asibiti, a zuba su daidai da ita. Waɗannan sun fi tsada nesa.

ABIN DA TA KE YI WA TAFIYA

Tashi ka yi taku ɗaya a hankali, ka lura. Dunduniya ce ta ke fara sauka. Sa'an nan nauyin jiki ya bi ta tafin ƙafa, kwarmin ya ɗan lotsa don ya sha nauyin. Daga nan nauyin ya gangara wajen babban yatsa, ka tura ƙasa, ka ɗaga ƙafa. Ƙasusuwa 26 ne cikin kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, su ke yin wannan aiki tare.

Yanzu ninka tsumma, ka sa ƙarƙashin tafinka ta gefen ciki, ka sake takawa. Za ka ji nauyinka ya ɗan koma gefen waje. Dunduniya ba ta faɗawa ciki kamar dā. Wurin da ya saba shan nauyi ya sami sauƙi, wani wuri ya ɗauka. To, aikin shimfiɗa ke nan. Tana sake yadda ƙafa ke saduwa da ƙasa. Masu bincike sun sa yara tafiya a kan na'urar awo, sun ga wannan sauyi. Amma sauyin kaɗan ne.

Yanzu zare tsumman, ka sake takawa. Me ka ji? Ƙafarka ta koma yadda ta ke. Haka shimfiɗa ta ke. Muddin tana cikin takalmi, takalmin yana ƙafa, tana aiki. Da an tuɓe, aikinta ya ƙare.

Ku tuna da teburin ajinmu mai rawa. Mu kan ninka takarda mu cusa ƙarƙashin gajeriyar ƙafarsa, sai ya zauna daidai, mu yi rubutu. Takardar ta yi amfani. Amma ko ta shekara goma a wurin, ƙafar teburin ba za ta ƙara tsawo ba.

Me ya sa shimfiɗa ba ta miƙar da baka ko gwame? Domin lanƙwasar ba a tafi ta ke ba, a wajen gwiwa ta ke. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga bakinsa biyu, inda akwai guringuntsi mai taushi, kamar yadda reshe ke toho daga kansa. Wurin tohon nan da ke kusa da gwiwa shi ne ke sa ƙafa ta miƙe ko ta karkace. Tsakaninsa da tafi kuwa akwai idon sawu da gaɓoɓi da yawa, masu motsi. Ɗan karkacen da shimfiɗa ta kawo, gaɓoɓin nan su ke shanye yawancinsa tun bai kai gwiwa ba.

GWAJIN DA AKA YI

Shekarun baya likitoci da kansu sun yarda da takalman gyaran ƙafa. A Turai da Amurka iyaye sun kashe kuɗi mai yawa a kansu. Uwa ta saya wa ɗanta, bayan shekara uku ta ga ƙafa ta miƙe, sai ta yi ta yabon takalmi. Ba wanda ya tambaya, "Da ba a sa ba fa?"

Wani likita mai suna Wenger da abokan aikinsa, a birnin Dallas na Amurka, suka yi wannan tambaya. Suka ɗauki yara 129 masu shimfiɗaɗɗen tafi, suka raba su kashi huɗu. Kashi na ɗaya aka bar su da takalmi irin na kowa. Na biyu aka ba su takalmin gyara. Na uku aka sa musu ƙoƙon dunduniya. Na huɗu aka zuba musu shimfiɗa daidai da ƙafarsu. Aka bi su shekara uku ko fiye, ana ɗaukar hoton ƙashinsu. A shekarar 1989 suka bayyana abin da suka gani. Duk kashi huɗun ƙafarsu ta gyaru. Waɗanda aka kashe wa kuɗi ba su fi waɗanda aka bari ba. Ashe girma ne ya yi aikin, takalmi ya karɓi yabo.

A ƙasar Indiya kuma, a shekarar 1992, likitoci biyu, Rao da Joseph, suka duba sawun yara 2,300. Cikin masu sa takalmi, wajen yara 9 cikin 100 tafinsu a shimfiɗe ya ke. Cikin masu tafiya ba takalmi kuwa, wajen 3 ne kawai cikin 100. Kun ga ke nan tafiya ba takalmi ba ta ɓata ƙafa. Amma kada wani ya ce Malam ya hana sa takalmi. Takalmi yana tsare yaro daga ƙaya, da fasasshiyar kwalba, da zafin rairayi, da tsutsar ciki mai shiga ta fatar ƙafa. Aikinsa tsaro ne, ba gyaran ƙashi ba.

A shekarar 2022 waɗansu masana suka tattara gwaji 16 da aka yi a kan yara fiye da 1,000, suka duba su gaba ɗaya. Suka ce yaron da tafinsa ke shimfiɗe amma ba ya jin ciwo, ba dalilin da za a saya masa shimfiɗa mai tsada.

Masu yatsu na kallon juna ma an gwada musu. Akwai shimfiɗar da kan ɗan juya yatsu waje sa'ad da yaro ke sanye da ita. Amma ba ta warware ƙashin da ya murɗa. Girma ne ke warware shi.

INDA SHIMFIƊA TA KE DA AMFANI

Kada mu zalunce ta, tana da ranarta.

Na ɗaya, ciwo. Wani yaro in ya yi tafiya mai nisa, ko ya daɗe a tsaye, tafinsa ko dunduniyarsa na yi masa zafi. Shimfiɗa mai taushi ta kan rage masa, ya iya zuwa makaranta ya dawo. Haka kuma yaro mai ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa mai araha ta kanti ta isa.

Na biyu, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Wannan ya kan faru bayan karaya, ko ciwon ƙashi, ko shan inna, wani kuwa haka aka haife shi. Yaron ya kan yi ɗingishi, ƙugunsa ya karkace. A nan a kan ƙara wa gajeriyar ƙafar tudu, daidai da takardar teburinmu. In bambancin kaɗan ne, kamar santimita 1, a kan sa tudun cikin takalmi. In ya fi haka a kan ƙara shi a ƙasan takalmin ta waje. Baduku ko mai gyaran takalmi zai iya wannan aiki, amma likita ne zai auna ya faɗi kaurin. Yaro yana girma, saboda haka a riƙa komawa ana sake awo.

Na uku, yaran da jijiyoyinsu suka sami rauni, ƙafa ta sandare ko ta saki. Su a kan yi musu wani abu na roba mai tauri, ko takalmin ƙarfe, wanda ke riƙe ƙafa daga tafi har kusa da gwiwa. Yana taimakonsu tsayuwa da tafiya. Wannan aikin asibiti ne, ba na kasuwa ba.

A duk ukun nan, ku lura, shimfiɗa taimako ta ke yi wa tafiya. Ba ta sake halittar ƙashi.

Tana da illa kuma in an yi ta da ka. In ta cika takalmi ta matse ƙafa, sai takalmi ya ci yaro, ya yi masa gyambo. Ƙafar yaro tana girma da sauri, abin da ya yi masa daidai da damina ya matse shi da rani. Babbar illarta kuwa ita ce ta kwantar wa iyaye da hankali a inda bai kamata hankali ya kwanta ba. Ga bayanin wannan.

LANƘWASAR DA BA TA GYARUWA DON KANTA

Maganar tsohuwa gaskiya ce, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Akwai ƙafar da in an yi jinkiri an yi hasara. Sai dai ba shimfiɗa ce maganinta ba. Ga guda uku.

Ta farko, ciwon laushin ƙashi. Kamar yadda ginin ƙasa ke bukatar ramno don ya yi ƙarfi, haka ƙashi ke bukatar wani sinadari mai suna kalsiyam, da kuma bitamin D wanda jiki ke yi in hasken rana ya taɓa fata. In yaro ya rasa su, ƙashinsa ya yi laushi, nauyin jikinsa ya lanƙwasa shi. Wani ya yi baka, wani gwame, wani ma ƙafa ɗaya ta yi ciki ɗaya ta yi waje. Alamunsa su ne: wuyan hannu ya yi kauri kamar ya kumbura, a ji ƙulle-ƙulle a jere a haƙarƙari kamar carbi, yaro ya yi jinkirin tafiya, ya riƙa kukan ƙafa, ya kasa tsaransa tsawo.

Dā ana tsammani wannan ciwon ƙasashen sanyi ne, inda rana ba ta fitowa sosai. Amma ga shi a ƙasarmu mai rana. Me ya kawo shi? A Jos aka binciko amsar. Likita Thacher da abokan aikinsa suka ga yaran da ke da ciwon nan abincinsu ba shi da isasshen kalsiyam. Tuwon masara ne safe da dare, ba nono. Suka ɗauki yara 123, suka ba waɗansu bitamin D kaɗai, waɗansu kalsiyam kaɗai, waɗansu duka biyu, har mako 24. A shekarar 1999 suka bayyana cewa waɗanda suka sami kalsiyam sun fi warkewa. Daga baya suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya warkar.

Wannan labari ne mai daɗi, domin rigakafin yana kusa da mu. Nono da kindirmo, ƙananan kifi da a ke daka su da ƙaya, miyar kuka, zogale, riɗi, da tamba, duk suna da kalsiyam. A bar yaro kuma ya fita wasa a sarari. Amma in ciwon ya riga ya kama shi, a kai shi asibiti a ba shi magani daidai awo. In an fara da wuri, ƙafar ƙaramin yaro ta kan miƙe da yawa don kanta bayan ƙashin ya yi ƙarfi. Yaro mai wannan ciwo in aka saya masa shimfiɗa aka zauna jira, ƙashi na nan na ƙara lanƙwasa. Ga 'ya mace abin ya fi muni, domin ƙashin ƙugunta ya kan tsuke, ta sha wuya ran haihuwa.

Ta biyu, bakan da ke ƙaruwa. Akwai wani ciwo da likita Blount na Amurka ya bayyana a shekarar 1937, a ke kiransa da sunansa. Wurin tohon ƙashin ƙwauri, ƙasa da gwiwa, gefen ciki ne ke ƙin girma, gefen waje na girma. Sai baka ya riƙa ƙaruwa maimakon ya ragu, sau da yawa a ƙafa ɗaya. Ya fi kama yara masu ƙiba. Hoton ƙashi ne ke nuna shi. Ƙaramin yaro a kan gwada masa takalmin ƙarfe mai kaiwa cinya, in ya ƙi sai aiki. Tun yaro yana cikin girma likita na iya sa ɗan ƙaramin ƙarfe a gefe ɗaya na wurin tohon, ƙafa ta miƙe a hankali. In an bari girma ya ƙare, sai an yanka ƙashi an gyara.

Ta uku, jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, tafin yana kallon ciki, dunduniya a ɗage. Cikin haihuwa 1,000 a kan sami kamar ɗaya. Wannan ba ya gyaruwa don kansa. In an bar shi, yaro zai tashi yana taka gefen ƙafarsa ko bayanta. Amma yana da magani mai kyau. Likita Ponseti, mutumin Sifen da ya yi aiki a Iowa ta Amurka, shi ya fito da hanyar, ya bayyana ta a shekarar 1963. Kowane mako a kan lallaɓa ƙafar da hannu a ɗaure ta da filasta, kamar sau biyar ko shida. Yawanci a kan ɗan yanka jijiyar dunduniya. Sa'an nan a sa wa jariri takalma biyu da sanda ta haɗa su, dare da rana wata uku, daga nan sai da barci kawai har ya shekara huɗu ko biyar. In iyaye suka gaji suka daina sa takalman nan, ƙafa ta kan koma. An fi so a fara cikin makonnin farko na haihuwa. Wannan shi ne ɗanyen iccen gaske.

YADDA ZA KA DUBA ƊANKA A GIDA

Ka tuɓe masa wando, ya tsaya a wuri mai daidai, yana kallonka.

In baka ne, haɗa idon sawunsa, ka auna filin da ke tsakanin gwiwoyi. In ya wuce santimita 6, watau kamar faɗin yatsunka uku, a nuna wa likita.

In gwame ne, haɗa gwiwoyinsa, ka auna filin da ke tsakanin idon sawu. In ya wuce santimita 8, watau kamar faɗin yatsunka huɗu, a nuna wa likita.

In tafi ne a shimfiɗe, ka ce ya yi ɗage, ya tsaya a kan yatsunsa. In kwarmi ya fito, ƙafar lafiya lau ta ke. In bai fito ba, ƙafar ta ƙage, ko tana ciwo, a nuna wa likita.

Ɗauki fensir ka rubuta ranar da awon a takarda, ka ajiye. Bayan wata shida ka sake aunawa. Ido ya kan manta, takarda ba ta mantuwa. Ita za ta gaya maka ko abin raguwa ya ke ko ƙaruwa. In za ka asibiti ka tafi da ita.

Ko awo bai kai haka ba, a kai yaro asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙafa ɗaya ce ta lanƙwashe, ɗayar a miƙe.
2. Baka yana ƙaruwa bayan shekara biyu, ko yana nan har shekara uku.
3. Gwame yana ƙaruwa bayan shekara bakwai.
4. Yaro yana ɗingishi, ko yana kukan ciwo.
5. Wuyan hannunsa ya yi kauri, ko ya gaza tsaransa tsawo ƙwarai.
6. Ya kai shekara ɗaya da rabi bai fara tafiya ba.
7. An haife shi da ƙafa a murɗe.

In kuwa ɗingishi ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ko gaɓa ta kumbura ta yi zafi, kada a kwana. A tafi ran nan.

A fara da asibitin da ke kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su ba da takarda zuwa babban asibiti. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a shekarar 1959, aikinsa ke nan. Kada a ɗaure ƙafar yaro da karare don a miƙar da ita, kada a yi mata tsaga ko lalas. Ba karaya ba ce. Ɗauri mai tsanani ya kan tsare jini, ƙafa ta lalace.

ƘARSHEN LABARIN AKUYA

Ɗalibin nan namu ya koma gida ya auna ɗansa. Washegari ya zo da takarda a hannu.

Ya ce, "Malam, yatsu biyu da rabi ne. Ƙafafun duka biyu iri ɗaya ne. Ba ya kukan ciwo, wuyan hannunsa kuma ba kauri. Gudu kuwa, sai an kama shi."

Na ce, "Madalla. Wannan ya yi kama da gwamen 'yan shekara uku. Amma ni malamin aji ne, ba likita ba. Ran da a ke awon yara, uwarsa ta kai shi a duba, hankalin kowa ya kwanta. Bayan wata shida ka sake awo."

Ya ce, "To, me zan gaya wa tsohuwa?"

Na ce, "Ka ce mata, 'Inna, maganarki gaskiya ce, shi ya sa na auna tun yanzu.' Ka nuna mata takardar. Akuya kuwa a bar ta. In ta haihu a tatsa, a dafa nonon a ba yaro. Ya fi shimfiɗar roba amfani ga ƙashinsa."

ABIN TUNAWA

Yawancin baka da gwame na ƙananan yara girma ne ke gyara su.
Shimfiɗar takalmi tana sauƙaƙa tafiya, tana rage ciwo, amma ba ta miƙar da ƙashi.
Ƙafar da ke bukatar magani, likita ta ke bukata, da abinci mai gina ƙashi, da wuri kuma.
A auna, a rubuta, a tambaya, kafin a kashe kuɗi.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara gwame ya fi fitowa ga yaro?
2. Me ya sa tafin ƙaramin yaro ya ke a shimfiɗe?
3. Me aka gani a gwajin da aka yi wa yara 129 a Dallas?
4. Faɗi wurare uku da shimfiɗar takalmi ke da amfani.
5. Rubuta abinci huɗu masu gina ƙashi da a ke samu a garinku.
6. Maƙwabcinka ya haifi jariri da ƙafa a murɗe. Wace shawara za ka ba shi?